Hoton ƙwallo daga bakin fili: laifin kyamara ne ko na saiti?

Ɗan Rafindadi: Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema. Ni sana'ata hoton biki da suna ce, kuma Alhamdulillah ana yabawa. To kwanan nan yaran unguwarmu suka shiga gasar ƙwallo ta unguwanni, suka ce in riƙa zuwa ina ɗaukarsu. Kafin hutun rabin lokaci hotunan da dama-dama, amma da an dawo, rana ta yi sanyi, sai komai ya lalace. Ƙafar ɗan wasa ta baje, ƙwallo ta yi tsawo, fuska dishi-dishi. Kyamarata Canon 600D ce, lens kuma 75-300. Wani ya ce mini in sayar da ita kawai, ba ta yin wasanni. Haka ne, ko akwai abin da ban saita ba?

Baban Hanif: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga maganar sayarwa, buɗe hoto ɗaya daga cikin waɗanda suka lalace, ka danna DISP ko INFO har lambobi su fito. Karanto mana guda uku: shota (tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa ta ɗauki haske), lambar f (faɗin ƙofar lens), da ISO (ƙarfin jin hasken kyamara). Ka faɗa mana kuma ƙarfe nawa ka ɗauka.

Ɗan Rafindadi: 1/200, f/5.6, ISO 400. Wajen biyar da rabi ne. A kan Av nake, inda ni ke zaɓar lambar f kyamara ta zaɓi shota, yadda nake yi a wurin biki.

Baban Hanif: To ga matsalar nan a fili, ƙanena, kuma ba ta kai ta sayar da kyamara ba. 1/200 ya isa amarya da ke zaune, bai isa yaron da ke gudu ba. Ka lissafa da kanka. Ƙwallon da aka narka da ƙarfi tana iya tafiyar kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan shota ta buɗe na 1/200, ƙwallon ta yi tafiyar santimita 14 kafin ta rufe. Shi ya sa ka ganta da tsawo. A 1/1000 tafiyar ba ta kai santimita 3 ba, sai ta fito zagaye.

Don haka a ƙwallon ƙafa daga 1/1000 ake farawa. In haske ya yi ƙaranci sosai ka sauko 1/800, in ya matsa 1/640, amma ƙasa da 1/500 ɓata lokaci ne in dai manya ne ke bugawa.

Lens ɗinka a 300 ba ya buɗewa fiye da f/5.6, ba abin da za ka yi a nan. Abin da ya rage maka ISO ne, kuma shi ne ka ɗaure a 400. Duk ninki ɗaya da ka yi wa ISO, shota ma ta ninka. A hasken da ka ɗauki wancan hoton, ISO 800 zai ba ka 1/400, ISO 1600 ya ba ka 1/800, ISO 3200 ya ba ka 1/1600. Ka ga ashe hoton yana cikin kyamarar, kai ne ka hana shi fitowa.

Ɗan Rafindadi: Yaya, wanda ya koya mini aiki ya ce kada in taɓa wuce 400, hoto zai yi yashi-yashi.

Baban Hanif: A hoton biki yana da gaskiya, tunda kana da filasha kuma mutane a tsaye suke. A fili lissafin daban ne. Hoto mai yashi wanda fuska ta fito tas, ana iya rage yashin a kwamfuta, kuma a waya ma da wuya a lura da shi. Hoton da ya baje kuwa babu manhajar da za ta dawo maka da ƙafar da ta ɓace. Da babu gara ba daɗi. Shawarata: juya zuwa Tv, inda kai ke zaɓar shota, sa 1/1000, bar ISO a kan Auto, ka shiga menu ka ɗaga iyakarsa zuwa 3200. Rana na faɗuwa, kyamara na ƙara ISO da kanta, kai kuma hankalinka na kan wasa.

Tsohon Mai Hoto, Daura: Na yarda da Baban Hanif a kan shota, amma ban yarda da barin ISO a hannun kyamara ba. Mun yi wannan aiki tun zamanin fim, lokacin da guda 36 ne a nadi ɗaya kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Abin da muka koya shi ne ma'aunin hasken kyamara ba ya sanin abin da kake so. Shi dai burinsa ya mayar da komai tsaka-tsaki. A ƙasarmu kuwa, musamman da hunturu, sama fara ce fat saboda hazo, ƙasa jar rairayi ce mai ƙyalli, yaro kuma baƙi ne sanye da farar riga. Da sama ta shigo cikin hoton sai kyamara ta ce haske ya yi yawa, ta rage, fuskar yaro ta koma duhu. Ka juya kaɗan, bishiyoyi suka shigo baya, sai ta ƙara, riga ta ƙone. Hoto biyar a jere, haske iri biyar.

Ni M nake sawa, in saita uku ɗin da hannuna. In rana ta take, ISO 100 da f/5.6 suna ba da wajen 1/800, wannan tsohon lissafi ne da bai canza ba. Don haka a ƙarfe huɗu ISO 200 ya wadatar. Sai in ɗauki fuskar wani da ke tsaye a hasken da 'yan wasa ke ciki, in duba, in gyara. Duk minti goma ko sha biyar in sake dubawa, in ɗaga ISO mataki ɗaya. Rana ba tsalle take yi ba, a hankali take sauka.

Baban Hanif: Allah ya ƙara girma Baba. A filin da babu rumfa haka ne. Amma a Karkanda, filin wasa na Muhammadu Dikko, da yamma inuwar wurin zaman 'yan kallo tana cinye wani ɓangare na ciyawa, ɗaya ɓangaren kuma rana. Ɗan wasa zai fita daga rana ya faɗa inuwa cikin daƙiƙa ɗaya. Wane yatsa ne zai bi wannan? Nan ne Auto ke ceton mutum. Maganar duhun fuska kuma, a Tv yana iya ƙara haske da +1/3 ko +2/3, kyamara ta riƙa lissafi da wannan ƙarin. Dalilin da ya sa ma na ce Tv ke nan ban ce M da Auto ISO ba, domin 600D ba ta ba ka damar wannan ƙarin a M.

Tsohon Mai Hoto, Daura: In akwai inuwa da rana, zaɓar ɗaya nake yi in saita a kansa, in bar ɗayan. Ba dole ne ka ɗauki komai ba. Amma na ji hujjarka, ga mai koyo ba laifi ya fara da naka. Abin da ba na so shi ne ya shekara biyar bai san dalilin da hotonsa ya yi kyau ba.

Yaron Layout: Ku yi haƙuri manya, amma a faɗa wa bawan Allah gaskiya. 600D hoto ƙasa da huɗu take yi a daƙiƙa, wuraren fokas guda 9. Nikon D500 da nake riƙewa goma take yi a daƙiƙa, wuraren fokas 153. Canon 7D Mark II ma goma ce, da 65. Tsakanin hoto da hoto a 600D ɗan wasa ya buga ƙwallo har ta bar wurin. Shi kuma 75-300 fokas ɗinsa nawa gare shi, kuma a 300 ba ya da kaifi. Ko ya saita daidai, rabin hotunan zubarwa zai yi. Kayan aiki ba ƙarya ba ne.

Baban Hanif: Ba wanda ya ce ƙarya ne. Amma a ba shi D500 yau, ya sa 1/200, me zai samu? Hoto goma a daƙiƙa, duk a baje.

Yaron Layout: Wannan haka ne. Amma bayan ya gyara shota, bango na gaba da zai ci karo da shi fokas ne, kuma nan kuɗi ke magana.

Na Ƙofar Sauri: In ma kuɗin za a kashe, ni a lens zan ce ya fara, ba a kyamara ba. 70-200 mai f/4 yana shigar da haske ninki biyu na f/5.6, mai f/2.8 kuma ninki huɗu. Ma'ana inda yake buƙatar ISO 3200, da f/2.8 ISO 800 ya ishe shi. Ga shi kuma 'yan kallo da babura da ke baya sai su narke, ɗan wasa ya fito shi kaɗai. Mai f/4 na hannu ya fi sauƙin kuɗi da nauyi nesa ba kusa ba. In wannan ma ya yi tsada, 55-250 STM ya fi 75-300 kaifi da saurin kamu. Kyamara kuwa tsohuwar 7D ta 2009 har yau tana aiki, takwas take yi a daƙiƙa. Amma duk wannan sai ya gama cin moriyar abin da ke hannunsa.

Wani abu kuma da ake yawan ruɗewa a kai: IS ɗin Canon ko VR ɗin Nikon rawar hannunka suke gyarawa, ba gudun ɗan wasa ba. Kada wani mai shago ya ce maka shi ne maganin bajewa.

Maman Ilham: Sannunku da ƙoƙari. Ni tawa matsalar daban ce. Ina koyarwa, kuma ni ke ɗaukar hoton gasar wasannin makarantarmu, tsere da tsalle da ƙwallon hannu na 'yan mata. Nikon D3200 ce da 55-200. Da safe muke yi, haske ba matsala. Amma sai in ga iyayen da ke zaune a baya sun fito tas, yarinyar da ke gudu kuma dishi-dishi. Me ke jawo haka?

Yaron Layout: Hajiya, abu biyu ne. Na farko, mai yiwuwa kina kan AF-S ko AF-A. AF-S da ta kama sau ɗaya sai ta kulle, yarinya kuma ta riga ta matso. Ki koma AF-C, wadda ke bin abu muddin yatsanki na kan maɓalli. A Canon sunanta AI Servo, Ɗan Rafindadi kai ma ka ji. Na biyu, kin bar wa kyamara zaɓen wurin da za ta kama. Ita kuma abin da ya fi yawan launi da zane take so, ga iyaye da atamfa da leshi a baya. Ki zaɓi ɗigo ɗaya, na tsakiya, ki ɗora shi a ƙirjin yarinyar, ba a fuska ba. Kai ƙarami ne kuma yana rawa, ƙirji ya fi faɗi, ga lamba ko rubutu a riga da fokas zai riƙe. A D3200 da 600D duka, ɗigon tsakiya ne ya fi sauran ƙarfin kamu.

Ki fara bin ta tun daga nesa, daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ki danna. Kada ki ɗaga kyamara ki danna a take, lens bai gama nemo ta ba.

Maman Ilham: Na gode ƙanena. A tsere ina ya fi in tsaya?

Yaron Layout: Bayan layin ƙarshe, ki matsa baya kamar taku goma sha biyar, a ɗan gefe don kada su faɗo miki. Suna tahowa gare ki kina samun fuska. Ki zauna a kujera 'yar tsugunno ko tabarma, daga ƙasa yara sun fi fitowa da kwarjini.

Baban Hanif: Ƙari a kan fokas. Akwai dabarar raba aiki tsakanin yatsu biyu: babban yatsa ya riƙe fokas da maɓallin baya, manuniya kuma ta ɗauki hoto kawai. Manyan kyamarori suna da AF-ON. A D3200 ana mayar da maɓallin AE-L/AF-L ya yi wannan aiki, a 600D kuma maɓallin tauraro, ta cikin Custom Functions. Amfaninsa: alƙalin wasa ya gifta ta gabanka, sai ka ɗaga babban yatsa, fokas ya tsaya inda yake, ya wuce ka mayar. A bugun fenariti ma ka kama gola tun kafin a buga, ka saki, ka jira. Kwanakin farko hannu zai riƙa mantawa, don haka a gwada a gida da yara ko masu babur a titi, ba ranar wasan ƙarshe ba.

Tsohon Mai Hoto, Daura: Duk kun yi maganar maɓallai, ba wanda ya tambayi yaron nan inda yake tsayawa. Ɗan Rafindadi, ina kake tsayawa?

Ɗan Rafindadi: A tsakiya Baba, kusa da benci, don in ga ko'ina. Wani lokaci ina bin ƙwallo da gudu a gefen layi.

Tsohon Mai Hoto, Daura: To ka daina. Mai tsayawa a tsakiya ƙeya da kafaɗa yake ɗauka, domin 'yan wasa raga suke fuskanta, ba benci ba. Ga shi kana tare wa mataimakin alƙali hanya. Ka tafi bayan layin raga, tsakanin tutar kwana da inda layin yadi goma sha takwas ya taɓo, a gefen da yaranku ke kai hari. Ka zauna. Ɗan gaba zai taho yana kallonka, ƙwallo a ƙafarsa, mai tsaron baya na jan rigarsa. Fuska, ƙwallo, da gumurzu, in ukun nan suka haɗu a hoto ɗaya ka gama. In an ci ƙwallo kuma, yawanci wajen kwana suke rugowa murna, wato wurinka. Kada ka sauke kyamara don duba ko ka samu cin, hoton da yaro zai saya shi ne na murnar.

Filin ƙwallo na ƙa'ida wajen mita 105 ne a tsawo. Lens ɗinka na 300 a kan 600D yana gani kamar 480, saboda ƙaramar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, tana ninkawa da 1.6. Duk da haka abin da ya wuce tsakiyar fili ba naka ba ne. Za ka ɗauko mutum ƙarami, ka yanke, ya fashe, ga hazo da tururin zafi tsakaninku suna cinye kaifi. Ka bar su su zo. Aikin nan irin na maharbi ne a bakin mashaya, wuri ake zaɓa a jira.

Sai rana. Ka sa ta a bayanka ko a kafaɗarka. Wasan ƙarfe huɗu a watan Disamba yana ƙarewa dab da shida, rana kuma shida da 'yan mintuna take faɗuwa, in da hazo ma tun kafin nan ta dushe. Saboda haka hotunan da dole ka kawo, na kowane yaro shi kaɗai da ƙwallo, ka tara su a zagayen farko. Zagaye na biyu abin da Allah ya ba ka.

Game da goma a daƙiƙa da ɗana na Layout ke faɗa: ƙafa tana taɓa ƙwallo na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ko goma kake yi, sau da yawa hoto ɗaya kafin bugu ne, na gaba bayan ƙwallo ta tafi. Wanda ya san wasa, ya ga an ɗaga ƙwallo daga kwana, ya san wanda zai tashi da ka, ya danna a kan lokaci, zai riga mai ruwan harbi.

Yaron Layout: Baba, wanda ya san wasa kuma yake da goma a daƙiƙa fa?

Tsohon Mai Hoto, Daura: Shi ya fi kowa. Amma ɗaya ana saya ne, ɗaya kuma sai an zauna a bakin fili. Ka buɗe idonka na hagu kana kallon fili, na dama a kyamara. Da shi za ka ga wanda ke tahowa, da shi kuma za ka kauce wa ƙwallo.

Na Ƙofar Sauri: Tunda an zo nan bari in sako ƙwallon dawaki, don Katsina ba a maganar wasa a bar folo. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, wasan ya kafu a garin nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma sunansa ya kai ƙasashen waje a kansa. Duk mai kyamara a Katsina wata rana zai tsinci kansa a bakin wannan fili, kuma lissafin ƙwallon ƙafa ba ya wadatarwa.

Filin yadi 300 ne a tsawo, 160 a faɗi, ya fi filin ƙwallo biyar. Lens na 200 kusan kallo kawai za ka yi. Nan ne 150-600 na Sigma ko Tamron ke da rana, tare da sanda mai ƙafa ɗaya, don hannu ba zai ɗauki kusan kilo biyu yini guda ba. Doki a sukuwa yana wuce kilomita 40 a awa, kofato da kan sanda kuma sun fi jikinsa sauri sosai. Ni 1/2000 nake sawa, in rana ta yi sanyi 1/1250.

Abin da ya fi muhimmanci: da hannun dama kawai ake riƙe sanda a folo, doka ce. Yawancin bugu a gefen dama na doki ake yinsa. In ka zauna inda mahayi zai nuna maka hagunsa, jikin doki ya rufe ƙwallo da sanda. Ka zaɓi gefen raga da zai sa damansa ta fuskance ka yayin da yake tahowa. Kuma ka tuna duk cin ƙwallo ɗaya ana sauya raga, ba sai an je hutu ba, don haka ba ka da dalilin zagaye fili. Zauna wuri ɗaya, kowane ɓangare zai zo maka. Zagaye ɗaya minti 7 ne, tsakani ana sauya dawaki, a nan za ka duba saitinka.

Fararen wanduna kuma suna ƙonewa da rana. Kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda fari ya ƙone. In wando kaɗai ke ƙyaftawa kaɗan, bar shi, fuska ta fi wando. In farin doki ne gaba ɗaya ke ƙyaftawa, rage.

Kuma don Allah a ja baya daga layi. Ta cikin dogon lens ba ka gane kusancin doki, kuma doki ba ya tsayawa don ya kai layi. Filasha kuma a cire ta a sa a jaka.

Abban Sadiya: Ni a dawaki ban son 1/2000 ɗin nan. Doki ya daskare a sama, babu alamar gudu. Na fi son in sauko 1/125 ko 1/60, in bi shi da kyamara daidai saurinsa, in danna ina cikin juyawa. Mahayi ya fito, baya ya zama zane-zane, ƙafafu su nuna motsi. Da rana sai ka sa ISO 100 ka rufe zuwa f/16 ko fiye, in ba haka ba haske ya yi yawa. Daga ƙugu ake juyawa, ƙafafu a kafe, kuma kada ka tsaya bayan ka danna.

Na Ƙofar Sauri: Yana da kyau in ya faɗa, amma nawa ke faɗawa? Kuma sai dokin da ke gifta ka ta gefe, ba mai taho maka ba. In mai doki ne ya ɗauke ka aiki, fara kawo masa masu kaifi, sannan ka yi wannan a zagayen da ba ka da fargaba. A f/16 kuma duk ƙurar da ke kan sensa sai ta fito ɗigo-ɗigo a sama.

Abban Sadiya: Gaskiya ne maganar ƙura. Amma a hawan sallah, lokacin jafi a Ƙofar Soro, hoton da aka bi doki da shi ya fi ba da labarin abin da ido ya gani. Kowa na da mai kaifi yanzu, har masu waya.

Yaron Layout: Masu sabbin kyamarori marasa madubi su kula da abu ɗaya a folo. In ka sa shota marar ƙara, a yawancinsu sensa daga sama zuwa ƙasa take karantawa layi-layi, sai sanda ta fito a lanƙwashe fiye da yadda take, ƙwallo ta zama ƙwai. A koma shota mai ƙara, sai fa irin su Sony A9 da aka yi don wannan.

Ɗan Mai'aduwa: Ni dambe nake ɗauka, kuma duk abin da kuka faɗa na rana ne. Mu sai bayan la'asar ake fara share fage da yara, manyan damben kuma, wanda kowa ya biya don shi, sai dab da magariba ko an kunna fitila. A nan dogon lens mai f/5.6 ba shi da amfani. Abin da ya cece ni 50mm f/1.8 ne, wanda yana cikin lens mafi araha. A ƙaramar sensa yana gani kamar 75 ko 80, kuma fagen dambe ƙarami ne, kana zaune a bakin da'ira. Ina sa f/2, 1/500, ISO 3200, wani lokaci 6400. Hannun da ke tafiya zai ɗan baje, amma fuska da jiki suna tsayawa, kuma bajewar hannun ma tana nuna ƙarfin naushi.

Wurin zama shi ne sirrin. Ɗan dambe yana miƙa hannun garkuwa gaba, wanda aka naɗe da kara yana baya a ɗane. Ka zauna ta gefen da za ka ga hannun da aka naɗe da fuskar abokin karawa tare. In Bahago ne ka lura tun wajen ɗaurin hannu, don komai zai juya. Suna iya daɗewa suna auna juna ba a kai hannu ba, sannan cikin daƙiƙa biyu a yi kisa, wato a kayar da ɗaya. Kada ka kalli hannu, kalli ƙafar baya da kafaɗa, su ke fara motsi. Turmi uku ne, kuma da an yi kisa ka juya ga 'yan ɓangarensa da makaɗa, ko Kudu ne ko Arewa ko Guramada, nan ma akwai hoto.

Tambayata ga masana: a ƙarƙashin fitila sai in ga hoto ɗaya fari, na gaba kore-kore, wani rabinsa duhu, alhali ban taɓa komai ba. Mene ne wannan?

Baban Hanif: Fitilar ce ke ƙyaftawa, ido ne ba ya gani. Wutarmu 50Hz ce, don haka fitilu da yawa suna haske su dushe sau 100 a daƙiƙa. A 1/500 kana kama yanki ne kawai na wannan zagaye, wani lokaci ƙololuwa, wani lokaci gangara. In janareta ne ma abin ya fi rikicewa don gudunsa ba ya tsayawa daidai. Da za ka sauko 1/100 ko 1/50 zai daidaita, amma dambe ba ya jiran 1/100. 7D Mark II da D500 da na bayansu suna da saitin da ke jiran ƙololuwar hasken kafin shota ta buɗe, a kunna shi. In taka ba ta da shi, ɗauki uku-uku ko huɗu-huɗu a jere, ɗaya zai faɗa a kan haske mai kyau. Kuma a nan RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba kamar yadda take yi wa JPEG, ya zama dole, don ka gyara launin daga baya.

Na Ƙofar Sauri: Da dare na yarda. Da rana kuwa JPEG nake ɗauka. Ƙananan kyamarori in kana RAW, hoto shida ko bakwai a jere sun cika mata ciki, ta tsaya tana rubutawa a memori, daidai lokacin da ake cin ƙwallo. Ga 'yan wasa kafin ka isa gida sun fara turo saƙo a WhatsApp suna neman hotonsu.

Tsohon Mai Hoto, Daura: Wanda ya saita haskensa daidai tun a fili, JPEG ya ishe shi. A ƙara da kula da ƙura. Da hunturu kada a sauya lens a bakin fili, a shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa. A hure gilashi da 'yar robar iska kafin a goga, in ba haka ba rairayi ne kake gogawa a kai, kuma gefen riga ba abin goge lens ba ne. Lens masu fita da shiga suna zuƙar iska duk juyi ɗaya, don haka a lulluɓe da ƙyalle in ba a ɗauka.

Sannan a nemi izini wurin masu shirya wasa kafin a zauna bayan raga. Yaron da ya ji rauni ko aka kashe a dambe yana kwance, ka ɗauka in aikinka ne, amma ka yi tunani kafin ka watsa. Yana da iyaye.

Maman Ilham: Wannan na ƙarshe ya shafe ni sosai. Mu sai iyaye sun amince muke sa hoton yarinya a shafin makaranta. Wane irin memori zan nema? Nawa yana tsayawa bayan hoto kaɗan ko a JPEG.

Yaron Layout: Ki duba wanda aka rubuta U3 ko V30 a jikinsa, Hajiya, ma'ana ba ya sauka ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa wajen rubutu. Babbar lambar da ke gaban kwali yawanci ta karantawa ce, ba ta rubutu ba. Na jabu sun yi yawa, ki saya inda za ki iya mayarwa. Guda biyu masu 32GB sun fi ɗaya mai 64, in ɗaya ya lalace ba ki rasa duka ba. Ki kwashe hotuna, sannan ki yi masa fomat a cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba, daren da za a yi gasar.